Ranar da Baba Ya Kora Shanunsa Har Ƙofar Kumandan

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu garuruwan da na sha saukar da jirgi a cikinsu sun fara ɓace mini. Amma akwai wata Lahadi guda a Filinge wadda ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ita ce ranar da mahaifina, mutumin da duk ƙasar Kurfai ta san shi da ɓoyon dukiya, ya fito da abin da ya shekara ashirin yana ɓoyewa.

A ƙarshen zamanin Faransa ne, ana ta raɗe-raɗin Nasara zai tafi. A lokacin kowane magidanci yana da takarda a biro, wato ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, an rubuta yawan mutanen gidansa saboda lanho, harajin kai ke nan, da yawan dabbobinsa saboda jangali. A takardar Baba shanu huɗu ne. Huɗu cif, ba sa haihuwa, ba sa mutuwa. Sauran kuwa suna can arewa ta hanyar Sanam, cikin wani kwazazzabo mai gawo da ruwa kusa, hannun wani dattijon Bafillace amininsa. Da zarar an ji masu ƙidaya za su zo, sai Baba ya zura wata riga da ta sha faci, ya zauna ƙofar gida yana tari, gwanin ban tausayi. Kowa a gari ya san gaskiya, kuma ba mai tonawa, don kowa yana da nasa kwazazzabon.

Ni kaɗai ne ya kasa ɓoyewa. Shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, da ƙarfi, cikin rumbu ya cusa ni, ƙaiƙayin gero ya shiga hancina na yi atishawa, gardi, ɗan sandan kumandan, ya jawo ni da ƙafa. Baba bai taɓa yafe wa hancin nan nawa ba. Ni ne kuma ɗansa na fari, saboda haka bisa al'adarmu bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan", in ransa ya yi daɗi kuma "ɗan lakwal". Na girma ina ganin kamar jar saniyar nan tasa mai farin goshi, wadda yake ba dusa da hannunsa, ta fi ni matsayi a gidan. Ita tana da suna.

Bayan na gama karatu a Yamai, aka ba ni aikin duba iska da hadari a filin jirgi. A nan ciwon ya kama ni. In jirgi ya tashi sai in bi shi da ido har wuyana ya ƙage. Ana nan sai wani kampanin jiragen sama ya sanar cewa zai ɗauki samari ƴan ƙasa ya koya musu tuƙi. Muka yi jarrabawa, likita ya leƙa idanunmu da kunnuwanmu, ya juya mu kan wata kujera har wasu suka amayar da abincin jiya. Aka fitar da sunaye kaɗan, nawa yana ciki. Sai dai da sharaɗi. Kampanin zai biya kuɗin koyon duka, amma sai uba ko waliyyi ya tsaya cewa in yaro ya gudu ko ya fasa, shi zai mayar da abin da aka kashe. Shaidar cewa yana da halin biya kuwa ita ce takardar jangalinsa, da tambarin kumandan a kai. An ba ni kwana goma in kawo, in ban kawo ba a ba na bayana.

Na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa gida ina murmushi ni kaɗai, don na san abin da ke cikin kwazazzabo. Sai da muka wuce Bankuku, ƙasar Imanan, sannan abin ya faɗo mini. Shanun da na sani arba'in da wani abu ne, shanun da takarda ta sani huɗu ne. Tun daga nan ban ƙara murmushi ba har muka shiga Filinge.

Na tarar da Baba yana tufkar igiya gindin adua. Na durƙusa na karanta masa komai. Bai ɗaga kai ba.

"Shanuna huɗu na," ya ce. "Ka tahi ka tambayi biro."

"Baba, in ba a rubuta sauran ba, wurina ya tafi."

"Wane saura? Kai, Allah ya ba ka ƙasa ka taka, kac ce sai bisa. Mi anka aje maka can?"

Na fusata, kuma har yau ina jin kunyar abin da na faɗa. Na ce masa da jar saniyarsa ce za ta tafi koyon jirgi da tuni ya tsaya mata. Ya dube ni ƙuri, ya ci gaba da igiyarsa. Inna ta jawo ni ɗaki ta ce, "Ba ka da hankali? In yab bayyana su, ba jangali kaɗai za a amsa ba. Tara na, wataƙila da kaso. Tsohon ga kake so a ɗaure?" Gaskiyarta ce. An taɓa rufe wani makwabcinmu wata guda kan awaki goma.

Duk da haka, washegari Baba ya ce in raka shi wajen tafintan kumandan, wanda abokin wasansa ne tun suna yara. Ya shiga da dabara, wai wani ne ya aiko shi tambaya. Tafinta ya danne dariya ya yi masa bayani. Ya ce shi kampanin ba asara zai yi ba, don abin da ya kashe wajen koyar da ma'aikata gwamnati takan cire masa daga harajinsa na shekara.

Idon Baba ya yi haske. "To madalla. Shi wanda yat tsaya ma yaro, za a ɗebe mai daga jangali ke nan?"

"A'a. Shi ƙara mai za a yi."

"Wato mai jirgi a rage mai, mai nagge a ƙara mai?"

"Haka doka tac ce."

"Wanda yay yi dokag ga ba shi da ko akuya," in ji Baba, ya kakkaɓe rigarsa muka fito.

Kwanaki suka yi ta tafiya bai sake ɗaga maganar ba. Ranar Alhamis ya ɗaure wa doki sirdi ya fita, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Na ce a raina ya gudu ne kada in dame shi. Kamyon ƴan kasuwa zai koma Yamai Litinin da safe, shi ne na ƙarshe da zai kai ni kafin wa'adi. Na ninke takardun kampanin na tura ƙasan akwati, na fara lallashin kaina cewa duba hadari ma aiki ne.

Lahadi, ranar kasuwar Filinge, hantsi ya ɗaga, ina zaune rumfar wani mai ɗinki raina a ɓace. Sai na ji kasuwa ta ɗauki hayaniya ta wajen arewa. Na leƙa. Garke ne ya cika hanya, jajayen shanu masu sheƙi, Bafillace a gaba da sandarsa, jar saniya mai farin goshi, da aka haɗo daga gida, tana biye da shi. A baya ga Baba kan doki, ba cikin rigar faci ba, cikin babbar rigarsa ta Salla da rawani. Dillalai suka yi caa, kowa yana kama igiya, sun zaci sayarwa ya zo yi. Bai ko dube su ba. Ya ratsa tsakiyar kasuwa, ya wuce kara inda ake cinikin dabbobi, ya miƙe hanyar bariki. Rabin kasuwa ta bar kayanta ta bi shi, ni ma na bi da gudu, takalmina ɗaya ya tsinke ban tsaya ɗauka ba.

Kumandan yana hutun Lahadi, kukan shanu ya fito da shi cikin gajeren wando, fuska ja wur. Shanu sun riga sun fara kiwo a ɗan lambun furannin matarsa. Aka kira tafinta. Baba ya sauka daga doki, ya yi gaisuwa, ya ce, "Ka hwaɗa mai shanuna huɗun nan sun haihu."

Tafinta ya juya maganar. Kumandan ya dubi garken, ya dubi takardar da aka kawo masa, ya tambayi yaushe suka haihu haka.

"A hankali dai," in ji Baba.

Mutane suka fashe da dariya, amma ni ban yi ba, don na ga gardi biyu sun matso. Kumandan ya sa aka ƙirga, arba'in da uku. Ya ce ko tsohon ya san abin da doka ta tanada wa mai ɓoye dabba? Baba ya ce ya sani, har tabarmarsa ya ɗauro bayan sirdi ko za a rufe shi, amma a buga tambarin tukuna, don mota za ta tashi gobe. Kumandan ya tambaya don wa ake wannan duka.

Baba ya nuna ni da haɓa. "Don wancan."

Tafinta ya ce sai ya faɗi suna, saboda a rubuta.

"Ku kunka ɗauke shi cikin rumbuna kunka kai lakwal," Baba ya ce. "Sunanshi na wurinku. Ku duba."

Ko da wannan ta isa kunnen kumandan sai ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Bai rufe Baba ba, amma bai bar shi haka nan ba. Ya yanke masa jangalin shekara uku na baya, a biya kafin a buga tambari. Nan take Baba ya koma kara. Dillalai sun ga yana cikin matsi, suka yi ta taya masa da wulaƙanci, ba wadda ta yi kuɗin kirki sai jar saniyar nan. Da aka ja ta ta yi ta waiwaye, shi kuwa ya juya baya yana gyaran sirdin da ba abin da ya same shi. Bakwai ya sayar ran nan. Da la'asar ya dangwala yatsa, aka buga tambari, ya miƙo mini takarda ba tare da ya dube ni ba.

Na durƙusa zan yi godiya, kuka ya ci ƙarfina. Ya ce, "Tashi, mutane na kallo. In ka gudo daga wurin Nasaran nan, kada ka biyo ta Hilinge."

Ban gudo ba. Koyon ya yi wuya, akwai ranakun da na so in haɗa kayana, sai in tuna waiwayen jar saniya in koma aji. Baba kuwa ya yi ta biyan jangalin garke guda kowace shekara, yana biya yana zagin wanda ya ƙirƙiro jirgin sama.

Bayan ƴancin kai, ina mataimakin matuƙi a wani ƙaramin jirgi mai kai wasiƙu arewa, wata rana hanya ta biyo da mu ta kan ƙasar Kurfai. Na ga garinmu, na ga kasuwa, na ga gidanmu da aduarsa. Can gaba sai ga kwazazzabon nan da muke ɗauka asiri ne, a buɗe kamar tafin hannu, kuma ga wasu jajayen shanu kwance gindin gawo. Na yi dariya har Baturen da ke tuƙi ya tambaye ni ko lafiya. Da na zo hutu na ce wa Baba na hango wasu baƙi a tsohon wuri.

Ya waiga hagu da dama. "Daga bisa ana ganinsu?"

"Har ƴan maruƙa, Baba."

"To kai ka riƙe bakinka, ɗan lakwal. Kada ka sake yi man atishawa."

Ya rasu bai taɓa shiga jirgi ba, bai kuma taɓa kiran sunana ba. Na daɗe ina jiran in ji shi a bakinsa, sai da na haifi nawa ɗan farin na gane wautata. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kada ka auna son da iyaye ke maka da abin da suke faɗa, ka duba abin da suka rabu da shi saboda kai. Wanda ya ƙi faɗin sunana shi ne ya ɗaura tabarmar kaso bayan sirdi, ya kora dukiyarsa ta tsakiyar kasuwa don in tashi sama. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.