Makullin Kalgo a Wayoyin Gidan Alhaji

Duk mai zuwa kasuwar Gwandu ya san rumfar Sirajuddeen, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce mai faranti na sola a kan kwano da dogon benci a gaba, inda mutum zai kawo waya gyara ya ƙare da ba da labarin rayuwarsa kaf. Siraju, kamar yadda ake kiransa, yana liƙa waya yana gyaɗa kai, ba ya katse kowa. A Dalijan aka haife shi, ɗan manomin albasa da rake. Da ya gama sakandare ya tafi Birnin Kebbi koyon gyaran waya wurin wani mutum da ke kuma ja wa ofisoshi wayar intanet, a nan ya koyi haɗa kwamfuta da kwamfuta. Mahaifiyarsa, Inna Kubura, takan ce tun yana goye ba a taɓa jin kukansa daga waje ba. Sau ɗaya mutane suka ga fushinsa, kuma a kan kawunsa ne.

Kawun nan, Alhaji Abubakar, yayan Inna Kubura ne. Dillalin albasa ne da Allah ya buɗa masa, ya buɗe ɗakin gwajin jini a Gwandu, daga baya ya ƙara reshe a Kalgo saboda ɗalibai da masunta da zazzaɓi ba ya ɗaga wa ƙafa. Reshen Kalgo mutum ɗaya ke riƙe da shi, wata 'yar Zuru mai suna Rejoice. Ita ke ɗibar jini, ita ke gwadawa, ita ke shara. Amma ba ta miƙa wa kowa sakamako sai ta shigar da shi cikin kwamfutar Gwandu, babban ma'aikacin can ya duba ya amince. Saboda haka idan hanya ta yanke tsakanin garuruwan biyu, aikinta ya tsaya cik, marasa lafiya kuma ita suke kallo.

Siraju ne ya shimfiɗa wannan hanya. Ya sa wata manhaja da ke yi wa saƙo ɓoyayyiyar hanya a cikin intanet, yadda ko wani ya tare shi a tsakani ba zai iya karanta komai ba. Dokar manhajar guda ce: kowace na'ura da makullinta. Makullin kuwa kashi biyu ne. Akwai na fili, wanda ake sanar da kwamfutar Gwandu domin ta gane mai sallama, akwai na sirri, wanda ke zama cikin na'urar mai shi. Kwamfutar ba ta san fuska ba, ba ta san murya ba. Duk wanda ya zo da makullin Kalgo, a wurinta shi ne Kalgo, kuma wanda ya yi sallama a ƙarshe shi take mayar wa amsa.

Ranar da aka buɗe reshen, Siraju ya fito da makullin a fuskar kwamfutarsa cikin hoton nan mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, domin babbar wayar aikin Rejoice ta haska ta ɗauka. Bai ankara ba ya ji ƙarar ɗaukar hoto a bayan kunnensa. Alhaji ne.

"Kawu, wanga ba a ɗaukarsa hoto."

"Kayana ne ko naka?"

"Naka ne, Kawu. Bari in yi maka naka daban, yanzu-yanzu."

"Mi ya raba su? Makulli ai makulli ne. Kada ka ɓata lokacin mutane, ga liman na jira."

"To don Allah ka goge shi."

"To, to, na ji," in ji Alhaji, ya jefa wayar aljihu, aka shiga addu'a.

Damina ta wuce lafiya. Da kaka ta kama, sai hanya ta fara tsinkewa. Rejoice za ta shigar da sakamako, abin ya yi ta juyi, ya tsaya. Ta kashe ta kunna, ya dawo, kafin ta ƙarasa ya sake ɗaukewa. Mai ciki na zaune a benci tun hantsi, tsoho ya zo daga Diggi a bayan babur yana rawar ɗari, ita kuma tana ta ba da haƙuri. Ta kira Siraju, ya ce ta sauya layi, ta sauya. Ya ce ta kai na'urar intanet bakin taga, ta kai. A Gwandu kuwa abin da ake gani kawai shi ne aikin Kalgo na zuwa a makare.

Alhaji bai tambayi Siraju ba, bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki mota ya sauka Kalgo ranar kasuwa, ɗakin cike da mutane, ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe murya. Ya ce ya san abin da ake yi. Ya ce tana rufe masa wuri ta tafi hira, in ba hira ba koyon waƙar coci, sannan ta ɗora wa na'ura laifi. Ya ce shi ya ja wa kansa da ya tsallake 'ya'yan gida ya ɗauko bare. Ya ce ƙarshen wata ta nemi wani wuri. Rejoice na tsaye da safar hannu da kwalbar jinin wani yaro. Sai da ya tafi, ta sallami kowa, sannan ta kira Siraju.

"Malam Siraju, ban taɓa rufe wurin nan kafin lokaci ba. Ko abinci a nan nake ci. Aikin zan iya rasawa, amma a garin nan aka ce ni maƙaryaciya ce, wa zai sake ba ni hannunsa in ɗibi jini?"

Washegari Siraju ya bi ta Birnin Kebbi ya isa Kalgo da hantsi, ya zauna kusa da ita ya zuba ido. A gabansa abin ya yanke, ya dawo, ya yanke. Ya leƙa kwamfutar Gwandu daga tasa, ya ga abin da ke faruwa. Makullin Kalgo yana sallama daga nan inda suke zaune, can kuma sai ga shi daga wani layi, jim kaɗan daga wani daban. Kwamfutar tana ta juya fuska, tana miƙa amsar Rejoice ga mutanen da ba su tambayi komai ba. Ya tuna ƙarar hoton nan. Amma waya ɗaya ba za ta yi wannan yawo ba.

A tashar Birnin Kebbi ya sami sauran bayanin, ba tare da ya nema ba. Yana jiran mota ta cika sai aka daki kafaɗarsa. Bashir ne, babban ɗan Alhaji, direban haya, taubashinsa.

"Injiniyan ƙauye! Kai kana nan kana liƙa wayoyin tsofaffi, duniya ta wuce ka. Zo ka ga abu."

Ya miƙo waya yana nuna wani ɗan hoton makulli a saman fuskarta.

"Ka ga wanga? Tun da Baba ya sako shi a guruf ɗin gida, data ba ta ƙare min. Haskawa kawai za ka yi. Ƙanwata Hafsat ta sa, mijinta ya sa, har yaran shagon albasa mun sa musu. Kawo taka in taimake ka, ɗan mace, tunda ba ka da gata."

"Bashir, wa ya ce maka yana ƙara data?"

"Kai ji min ƙauyanci! Ba irin manhajar nan ba ce ta hawa intanet kyauta? Ga makulli nan kana gani."

Siraju ya kalli wayar. Hanyar da ya shimfiɗa babu inda take zuwa sai kwamfutar ɗakin gwaji. Ba ta ƙara wa kowa data ko ta ƙwayar gero, hasali ma tana ɗan lasar wadda ke akwai. Abin da kawai take yi a wayoyin nan shi ne ta riƙa sallama a Gwandu da sunan Kalgo, tana ture Rejoice. Alhaji ya ga abu mai makulli, wani ya ce masa na hawa kyauta ne, shi kuma ba mutum ba ne da zai ci abu shi kaɗai ya bar 'ya'ya da surukai. Ya raba, aka yi masa godiya da addu'a. Sannan ya tafi Kalgo ya tsaya gaban jama'a ya zubar da mutuncin yarinyar da gidansa ke hana ta aiki. Tun daga tashar har Gwandu Siraju bai ji hirar da ake yi a motar ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne babu wanda ya tsaya ya yi tambaya ɗaya, saboda an riga an sami wadda ba ta da kowa a garin.

Bayan la'asar ya sami Alhaji a zaure da abokansa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya jira suka watse, sannan ya faɗi komai a hankali. Alhaji ya saurara yana jan carbi.

"To, mi ne ne abin ɗaga hankali? Gyara shi mana."

"Gyaran ba wuya, Kawu. Sabon makulli ne kawai. Rejoice fa?"

"Ta zauna. Ka hwaɗa mata na ce ta zauna."

"Ba ni na kore ta ba. A gaban mutanen Kalgo ka ce tana rufe wuri, ka ce tana ƙarya. Can ya kamata a ji cewa ba haka ba ne."

Alhaji ya ajiye carbin. "Kai Siraju! Ni za ka tura ba 'yar cikina haƙuri? Don ka iya latsa kwamfuta?"

"Ni ban isa in tura ka ko'ina ba. Amma wallahi hannuna ba zai taɓa hanyar nan ba sai an wanke ta." Muryarsa ta fita har waje, abin da ba a taɓa ji ba. "Kullum tana wurin, Kawu! Tana share aman 'ya'yan mutane, mutanen gidanka na zaune suna ture ta da wayoyinsu, kai kuma ka kira ta bare a gaban kowa!"

"Tashi ka fita min daga gida."

Ya tashi ya fita. Kafin magariba labari ya kai Dalijan, Inna Kubura ta kira shi tana faɗa, ta ce Alhaji yayanta ne, shi ya tsaya mata lokacin da mahaifin Siraju ya kwanta ciwo. Siraju ya saurare ta har ta gama, ya ce ya sani, ya ce ta yafe masa, amma bai ce zai koma ba. Sai ta ce, "Yarinyar tana da uwa?" Ya ce tana da ita, a Zuru. Inna ta kashe wayar.

Alhaji ya nemo wani mai gyara daga Jega. Mutumin ya duba, ya ce shi bai san irin wannan haɗin ba, a nemi wanda ya yi. Alhaji ya sa Bashir ya ce wa kowa ya kashe abin, wasu suka kashe, wasu suka ce ana musu baƙin cikin data ne. Hoton ma ya riga ya fita daga gidan, ya shiga hannun abokan surukai da ba wanda ya san su. Marasa lafiya suka fara wucewa Birnin Kebbi. Ƙarshen wata na matsowa, Rejoice ta fara ɗaure kayanta a kwali.

Wata ranar kasuwar Kalgo motar Alhaji ta tsaya gaban rumfar Siraju. Alhaji bai sauko ba, bai amsa gaisuwa ba, ya dai buɗe ƙofar baya. Siraju ya shiga, suka wuce Kalgo. Da suka isa ɗakin gwajin, benci a cike. Alhaji ya tsaya daidai inda ya tsaya a wancan karon, ya gyara hula, ya dubi bango.

"Jama'a, maganar da na yi kwanaki a nan. Ashe ba ita ba ce. Daga gidana abin ya hito." Ya juyo rabi. "Ke kuma ki kwance kayanki."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kalmar haƙuri ba ta fito ba. Wata tsohuwa a benci ta ce, "Mu dama mun sani, kullum nan muke samunta." Rejoice ta ce, "Na gode, Alhaji," ta juya ta ci gaba da ɗaura wa wani mutum igiya a dantse.

Siraju ya karɓi babbar wayar. Wannan karon a cikinta ya ƙirƙiri makullin, na sirrin bai fito ko'ina ba, babu hoton da wani zai ɗauka. Na filin kaɗai ya aika Gwandu, ya goge tsohon. Sakamakon farko ya tafi ya dawo kafin mai shi ya gama gyara hannun riga.

Rejoice na Kalgo har yanzu. Alhaji kuwa Jega yake kai wayarsa gyara, idan Siraju ya gaishe shi a masallaci da hannu yake amsawa. Tsohon makullin ya mutu, ba ya buɗe komai, amma ɗan hotonsa bai bar saman wayoyin ba. Duk lokacin da Bashir ya biyo ta kasuwa sai ya tsaya ya nuna masa shi, ya rantse data na yi masa auki. Siraju ya yi masa bayani har ya gaji. Yanzu sai ya matsa masa wuri a benci, ya ci gaba da liƙinsa.