Ruwan Rijiyarmu a Gorar Zamzam

Ni karatuna bai wuce dangwala babban yatsa ba, amma Allah ya ba ni 'ya'ya biyu masu ƙwaƙwalwa, ban san inda suka samo ta ba. Babbansu likita ne a Salford, nan ƙasar Turawa, a gidansa nake zaune. Autata tana Birmingham, tana binciken yadda za a raba ruwan teku da gishirinsa ba tare da an sha wutar lantarki da yawa ba.

Garinmu ruwa ne ya tashe shi. Rijiyoyi suka koma zartsi ɗaya bayan ɗaya, awaki ma su sunsuna su juya. Ranar da muka binne uwar yaran, da shi muka yayyafa wa kabarin. Da ya bushe sai ƙasar ta yi fari fat. Har yau idan motar hukumar gari ta watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara lokacin sanyi, ba na son leƙa taga.

Da zan taho na cika gorar zamzam da ruwan rijiyar gidanmu. Likita ya gani ya ce in sam masa tabarruki. Na ce ba na yara ba ne. Abin da na ƙulla shi ne, in injin Auta ya iya da teku, rijiya ɗaya ba za ta gagare shi ba. Mutane su dawo, ni ma in koma in kwanta kusa da matata.

Na hau jirgin ƙasa rungume da gorar. A wurin aikinta Auta ta buɗe ta ɗanɗana, ta yamutse fuska.

"Baba! Ƙarya har da zamzam?"

"Gorar ce ta yi ƙarya, ni ban ce komai ba. Zuba a rariyar taki."

"Membrane ake cewa."

"To, rariya mai digiri."

Ta nuna mini iri biyu ne aka haɗa. Ta farko famfo ke danna ruwa ta cikinta da ƙarfin tsiya, ta biyu kuma da ɗumi take tatse abin da ya rage. Haɗin, in ji ta, shi ke rage wuta da tsada. Injin ya daɗe yana gurnani kafin ta miƙo mini kofi biyu.

Na farko garau. Na kurɓa, ban ji komai ba, kamar na sha iska.

"Ke nan ya yiwu?"

Ta gyara mayafi.

"Baba, ragewa muka yi, ba mu kashe ba. Famfon nan sai da wuta dare da rana, garinmu ko turken wuta babu. Kuma ga wannan." Ta nuna kofi na biyu. "Duk gishirin nan ya taru. A bakin teku, teku ake mayar wa. Mu a can ina za mu zuba? Ƙasa zai koma, ya sake samun rijiyar."

Ta ɗauka za ta zubar, na riƙe hannunta. Na tsoma yatsa na lasa. Wallahi sai na ji ƙarar guga a bakin rijiya, na ji muryar uwarta tana cewa in matsa ina tare mata haske.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Yi ta aikinki, masu teku su sha."

A jirgin komawa na kira likita, na ce maƙabartar musulmin nan da yake ta yi mini zancenta ina toshe kunne, ranar Asabar ya kai ni in ga wurin.