Takwas Biyu da Kuɗin Kai Baba Idi Gida

Kafin na shiga gidan yari, ni ne ma'ajin ƙungiyar jana'iza ta mutanen yankinmu a London. Karatu ne ya kawo ni daga Azare. Na gama digiri na biyu a fannin lissafi, na samu aiki a ofishin kuɗi na wani kamfanin jigilar kaya kusa da Stratford. Ba na shan taba, ban taɓa kai giya bakina ba, sallar Juma'a ba ta wuce ni. Na faɗi wannan ne don matasa su san ba daga tasha aka ɗauko ni ba.

Ƙungiyar ƙarama ce. Kowane gida yana zuba karo-karo duk wata. Idan wani ya rasu, daga asusun ake biyan wanka da likkafani da kabari. Wanda kuma ya bar wasiyyar a kai shi gida, a biya kuɗin jirgi. Ƙa'idar banki ita ce sai mutum biyu sun amince kafin kuɗi ya fita. Na biyun shi ne shugabanmu, Alhaji Sule, tsohon direban tasi wanda ba ya son latse-latsen waya. Tun satin farko ya ba ni lambar sirrinsa.

"Ma'aji, riƙe duka," in ji shi. "In ba mu yarda da kai ba, da wa za mu yarda?"

A wurin taro ma, da na miƙe zan yi bayanin asusu sai dattawa su ce, "Zauna, Allah ya yi maka albarka." A wurinmu, ka ce wa ma'aji ya nuna shaida tamkar ka kira shi ɓarawo ne a gaban jama'a. Kunya ba ta bari a tambaya.

Wani abokin aikina ne ya koya mini poka a waya lokacin hutun cin abinci. Wasan karta ne. Ana ba kowa kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe abin da aka zuba. Da farko ba da kuɗi muke yi ba. Na ga ina cinyewa, sai na ce wa kaina wannan ba caca ba ce, lissafi ne, ni kuwa lissafi na karanta. Daga nan na fara zuwa wani gidan caca ranakun Lahadi ina shiga gasa. A gasa mutum yana biyan kuɗin shiga, a ba shi kwabban roba da ake kira chips. Idan nasa suka ƙare, ya fita. Waɗanda suka kai ƙarshe ne kawai ke samun kyauta, kuma tsokar tana wurin na ɗaya da na biyu da na uku.

Wata rana albashina ya ƙare kafin wata babbar gasa. Na ciri kuɗin shiga daga asusun jana'iza, na mayar da su da aka biya mu. Babu wanda ya sani. Wannan mayarwar ita ta kashe ni, domin ta nuna mini ƙofar a buɗe take. Karo na biyu ban mayar duka ba. Na uku ban mayar da komai ba. Na koma gyara hoton bayanin banki a kwamfuta ina turawa zauren ƙungiya na waya, mutane suna amsawa da addu'a.

Cikin masu zubi akwai Baba Idi, dattijo mai gadin wani kanti. Shi ne yake fara biya kullum, a hannu, ya naɗe kuɗin a leda. Duk lokacin da ya miƙo sai ya ce, "Ma'aji, ni fa ban zo ƙasar nan in kwanta ba. Kusa da mahaifiyata za ku sa ni." In ce, "Allah ya ja kwana, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Ja kwana daban, wasiyya daban."

Ranar Lahadin da komai ya rushe, da ragowar asusun na biya kuɗin shiga. Wasa ya yi mini kyau. Zuwa la'asar saura mutane kaɗan su fita a fara rabon kyauta. Da aka ba da hutu na kunna waya, na tarar da saƙonni sun cika ta. Baba Idi ya rasu a asibiti da hantsi. Ina tsaye sai ga kiran Alhaji Sule.

"Ma'aji, ka ji rashin da aka yi?"

"Yanzu nake gani, Alhaji. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Gobe da safe ka tura wa masu shirya gawa kuɗi su fara takardun jirgi. Wace hayaniya ce haka? Kana ina?"

"Ina kanti, Alhaji."

Na koma tebur na zauna. Ba a jima ba aka ba ni takwas biyu, wato kati biyu masu lamba takwas. Na ƙara kuɗi. Kowa ya ajiye katinsa sai wata tsohuwar Baturiya da ke hannun haguna, wadda tun safe da ƙyar na ga ta shiga wasa. Ta tura duk abin da ke gabanta, ta ce, "All-in." Nata sun fi nawa yawa. Idan na bi ta na faɗi, na fita ke nan.

Na san amsar wannan tambaya, har na sha koya wa wasu ita. Takwas biyu, ko bakwai biyu, ko tara biyu, tsaka-tsaki ne. Suna da kyau idan kai ne ka fara turawa. Amma idan ka ƙara, mai haƙuri ya ƙara a kanka da duk abin da ya mallaka, abu biyu ne yake riƙe da su. Ko dai manyan kati biyu daban-daban, kamar Sarki da Sarauniya, nan kusan rabi da rabi kuke. Ko kuma biyu iri ɗaya da suka fi naka, nan sau ɗaya cikin biyar za ka tsira. Da wuya irin wannan mutum ya tura komai da abin da bai kai naka ba. Wato idan ka yi sa'a, jefa kwabo ne. Idan ba ka yi ba, an gama da kai. Ga shi ana dab da kyauta, inda asarar fita ta fi ribar ninkawa. Ajiyewa ce daidai.

Amma ni ba da lissafin gasa nake zaune ba. Ƙaramar kyauta ba za ta sa gawa a jirgi ba. Sai na zo cikin ukun farko, hakan kuma sai na ninka abin da ke gabana. Na dubi matar, ta naɗe hannu tana kallon tebur. Na fara gaya wa kaina tabbas Sarki da Sarauniya gare ta. Ba don na ga wata alama ba, don shi nake bukata ya zama. Mai rabon kati ya ce lokacina ya kusa cika. Na tura.

Sarauniya biyu ta buɗe. Aka jera katin tsakiya, babu takwas. Ta ce mini ta yi haƙuri, na ce ba komai, na ɗauki rigata.

Daga can gidan rasuwa na wuce. Na zauna a kan darduma cikin maza, aka miƙo mini shayi na karɓa, aka ɗaga hannu na ɗaga. Matarsa, Hajiya Ladi, ta aiko a gaya mini ta gode da ɗawainiya. Ta riga ta fara haɗa akwatunanta, domin shirinsu shi ne ta raka shi gida, ba za ta dawo ba.

Washegari na kashe waya. Alhaji Sule ya je banki da kansa, aka nuna masa babu abin da ya rage. Jama'a suka sake karo-karo cikin gaggawa, ga tsakiyar wata, kowa yana fama da kuɗin haya. Abin da aka tara kabari a nan kawai ya iya saye. A wata maƙabarta da ke bayan gari aka binne Baba Idi, ni ban je ba.

Dattawa sun so a rufa asiri. Suka tara iyalin suka ce, "Ɗanmu ne, kada a kai shi gaban Turawa. Zai biya a hankali." 'Yar Baba Idi, Zainab, ma'aikaciyar jinya ce, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci ta ba su amsa. Ta ce ita dai ni ba ɗanta ba ne, ubanta ne ya kwana a ɗakin ajiye gawa yana jiran jirgin da ya riga ya biya. Ta tashi ta tafi wurin 'yan sanda. A lokacin na ji haushinta. Yau na san ita kaɗai ce ta yi daidai.

Na amsa laifin zamba cikin aminci, alƙali ya tura ni gidan yari. Alhaji Sule ma sai da aka yi ta yi masa tambayoyi saboda lambar da ya ba ni. Ya sauka daga shugabanci, bai sake zuwa taro ba.

A ciki ma ana karta, a kan biskit da gwangwanin kifi. Ban ɓoye ba, na yi ta a watannin farko. Kullum ina maimaita wannan wasan a kaina, ina cewa da takwas ta fito da komai ya daidaita. Sai a wani zama da ake yi wa masu ciwon caca mai jagorantar mu ya tambaye ni, "To da ta fito, Lahadi mai zuwa ina za ka je?" Na san inda zan je, na kuma san da kuɗin wa.

Da aka sake ni na samu aikin ɗaukar kaya a wani sito. Na sa an hana ni shiga gidajen caca, ina biyan abin da kotu ta ɗora mini. Sai da na daɗe kafin na iya hawa benen Hajiya Ladi. Tana nan a flat ɗin council, gidan hayar hukuma, ba ta koma gida ba. Ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Hajiya, gafara na zo nema."

Ta dube ni.

"Nawa na yafe maka, ɗan nan," ta ce. "Nasa kuwa ba a hannuna yake ba."

Matasa, idan aka ba ku amanar kuɗi, ku ƙi karɓar lambar sirrin kowa, ku tilasta a riƙa duba ku ko da dattawa sun ce ku zauna. Idan wani ne ke riƙe da ita, ku tambaye shi shaida, kada kunya ta hana. Ranar da kuka ji kanku kuna cewa aro ne za ku mayar, ku faɗa wa wani kafin hannunku ya kai. Ni na iya lissafin, kuma lissafin daidai yake. Bai hana ni komai ba.

Kuɗin zan gama biya wata rana. Wanda ya kamata in nemi gafararsa ba ya inda zan same shi.