Baƙin da Ke Kwanciya a Baho

Aji uku kaɗai na yi a boko, amma na taɓa bincike. Lokacin ina gadin wata masaƙa a Sharada, hayaƙi ya kama ƙirjin matata, duk rani tari take. Ruwan farko na sauka sai in kafa baho a tsakar gida, in kawo mata shi da baƙi-baƙi kwance a ƙasa.

"Uwargida, ga tarinki nan, sama ta wanko shi."

"Sannu, likita," in ji ta. Sai ta jawo kujera bakin ƙofa, ta yi ta shaƙar iska.

Allah ya ji ƙanta. Bana ma na kafa bahon, na ɗauko, na rasa wa zan nuna wa.