Faifan Kofin Baba

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina gogewa, domin karatuna iyakarsa firamare, kuma ina tsoron in sake faɗin abin da ban tabbatar ba, in jawo wa wani irin abin da na jawo wa surukina. Amma shekaru sun shuɗe abin yana nan zaune mini a ƙirji, na kuma san har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Ni 'yar Rano ce, aure ya kai ni Kibiya. Gida ɗaya muke da mahaifin maigidana, wanda duk muke kira Baba. Tun da matarsa ta rasu, ni nake dama masa kunun safe. Baba mutum ne mai son zaƙi, sai ga shi asibiti sun ce yana da ciwon suga, suka hana shi shan suga. Daga nan muka shiga wahala. In na kai masa kunu ba suga, haka zan ɗauko kofin a cike, ya yi sanyi. Maigidana ya roƙi mai shagon bakin layinmu kada ya ƙara sayar wa Baba suga, kuma lokaci-lokaci yakan shiga ɗakinsa ya ɗaga katifa ya duba. Baba yana ramewa, mu muna ramewa da tunani.

Wata rana na je Rano gaida mahaifiyata, na biyo ta kasuwa, sai na tarar da mutane sun kewaye wani mai talla da lasifika. Wasu 'yan faya-fayai yake sayarwa, baƙaƙe, faɗin tafin hannu, da nauyi kamar tangaran. Ya ce dutsen ƙasar waje ne a ciki, in ka ɗora kofi a kai na minti uku, sai ya janye ɗaci da salam ya fito da daɗin abin sha. Ya zuba ruwan tsamiya a kofi biyu, ya ɗora ɗaya a kan faifan, ya miƙo mini.

"Hajiya, ɗanɗana ki ba da labari da bakinki."

Na kurɓi na farko, na kurɓi na biyu, sai na ji kamar na biyun ya fi laushi a baki. Yau kam ina tambayar kaina, harshena ne ya ji, ko kuwa "wallahi kuwa" ɗin da mutane suke ta yi a bayana? Na ce masa, "Malam, tsakaninka da Allah, yana yi? Domin mara lafiya zan kai wa." Ya ce, "In bai yi ba ki dawo mini da shi." Ban sake ganinsa a kasuwar ba.

A mota ina ta juya abin a raina. Ta yaya daɗi zai ratsa gindin kofi? Sai na tuna waya ma ba ta da igiya, amma tana kawo muryar mutum daga Legas. Na ce to, masu ilimi sun fi ni sani.

Washegari na dama kunu ba suga, na ɗora kofin a kan faifan, na kai. Na durƙusa na yi wa Baba bayani, na gaishe shi, na fita. A gidanmu suruka ba ta tsayawa a kan suruki yana cin abinci, ajiyewa take ta ba da wuri. Da na koma ɗaukar kofi, sai na tarar da shi tas. Na ce, "Baba, ya kunun?" Ya ce, "Ya yi daɗi, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Murna ta hana ni tunani, ni da ko ƙofa na kulle sai na dawo na sake taɓa kwaɗon. Na ce wa maigidana ya daina binciken ɗakin tsoho, abin ba daɗin gani, tunda Allah ya kawo sauƙi. Ya daina. Ranar awo na raka Baba asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta ga suga bai sauka ba, ta tambaya ko yana kiyaye baki. Ni na riga shi amsawa, na ce, "Ya daina kwata-kwata, ni nake dama masa." Baba ya sunkuyar da kai, na ɗauka gajiya ce. Har wasu mata biyu a unguwa masu irin ciwon na ba labari, suka aika a nemo musu.

Na lura Baba yana yawan shan ruwa, yana yawan zagayawa, na ce zafi ne. Rannan da hantsi ya tafi duba gonarsa ta gyaɗa, jiri ya kwashe shi ya faɗi a tsakanin kunyoyin gonar. Maƙwabtan gona suka ɗauko shi, aka sa shi a adaidaita sahu sai asibiti a Rano. Da maigidana ya zo cire masa babbar riga don a yi masa ƙarin ruwa, sai ga ƙwayoyin suga suna zubowa daga aljihu, har da kiyashi. Ashe a hanyar gona yake saye, a wani shagon da ba a gargaɗe shi ba. In na ajiye kunu na fita, sai ya jefa uku ko huɗu.

Kwanansa biyar a gado. Da ya samu kansa, na durƙusa daga bakin gadon, na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini bai yi ba?" Ya ce, "Kin taso tun daga Rano da abu, kin kawo mini da hannu biyu kina murna. In buɗe baki in ce miki bai yi ba? Wane irin tsoho zan zama?" Ma'aikaciyar nan tana gefe tana gyara ruwa, ta ce, "Kun gani ko? Ke kunya ta hana ki tsayawa, shi kara ta hana shi magana, sugan kuma ba ruwansa da surukuta."

Da muka dawo gida, matan nan biyu na fara bi, na ce su yafe mini, maganar da na faɗa ba ni da shaida a kanta. Ɗaya ta ce ita kam shayinta ya fi daɗi a kan faifan. Na dawo kaina ya ƙara ɗaurewa. Na dama kunu a tukunya ɗaya, na zuba a kofi biyu iri ɗaya, na ɗora ɗaya a kan faifan a ɗaki inda ba mai gani, na fito da su. Maƙwabciyata ta zaɓi wanda bai hau faifan ba. Ƙanwar maigidana ta zaɓi wanda ya hau, da na musanya musu wuri kuma ta zaɓi ɗayan. Ni kuwa na yi ta kurɓa har harshena ya gaji, ban ji komai ba sai gero da tsamiya.

Yanzu in na kai kunu, a bakin ƙofa nake zama, in juya baya, har sai na ji Baba ya ajiye kofi. Ya san dalili, ni ma na sani, ba mai tankawa. Na so in jefa faifan a shara, sai ya ce, "Bar shi, 'yar nan, ki dinga ɗora mini a kai, ya fi daɗi." Kullum ina ɗorawa, kullum ban san ko gaskiya yake faɗi ko karar ce har yanzu ba.

Abin da na koya shi ne, "ya yi daɗi" daga bakin mai jin kunyarka godiya ce, ba shaida ba, kuma ba a ɗora lafiyar mutum a kanta. Amma na gaji da wasi-wasi. Don Allah, in akwai wanda ya san ainihin abin da ke cikin faifan nan, ko ya taɓa gwada shi a kan wanda ba ya jin nauyinsa, ya taimaka ya faɗa mini. Gobe da safe ma zan sake ɗora kofin.