Kiɗan da Barmu Bai Taɓa Ƙarasawa Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Barmu, makaɗin piyano, a nan Dogon Dutsi. Masana a Yamai sun yi ta yabon salonsa, wai yakan ja kiɗa har gab da ƙarshe, sai ya karkace. Salo? Hmm. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Innarmu 'yar bori ce a da, daga wajen Lugu. Kowane iska da kiɗan gogensa, in aka kaɗa na iskanta har ƙarshe sai ta faɗi, ba ta san inda kanta yake ba. Da ta bar bori ta kama salla, sai ta haramta wa kanta goge ɗungurungum. Ko biki ake a unguwa, ɗaki take shiga ta toshe kunne. Amma na sha ganin ta tana daka, bakinta na motsi, hawaye na zuba. Tana son kiɗan, tana tsoronsa.

Shi kuwa Barmu, tun yana ɗan lakwal, wato makarantar boko, shegen shisshigi ya kai shi majami'ar mishan, can ya fara taɓa piyano. Daga nan sai Yamai, sai Faransa, inda ya koyi rubuta kiɗa a takarda. Da ya dawo, ya bi masu goge ƙauye-ƙauye har Tibiri da tambaya ɗaya: a wace gaɓa iska ke sauka? Sai ya tsara nasa ya bi sawun gogen tiryan-tiryan, in an zo gaɓar nan ya kauce.

Ranar da ya kawo ƙaramin piyano tsakar gida, ni na riƙe Inna. Na san in ta faɗi, har abada ba za ta yafe masa ba. Kafaɗunta suka soma motsi, na ce shi ke nan, mun shiga uku. Sai kiɗan ya juya, ya sauka a hankali. Sannan ta ce, "Ɗan nema! Ka kai ni bakin ƙohwa ka maido ni. Sake min."

Yau samari na ɗora kiɗansa a waya, suna cike inda ya bari da na'ura, wai gyara suke. Wasu kuma sun ce duk haramun ne. Da yana nan, na san dariya zai yi ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni ce dai ke jin haushi.

Takardun kiɗansa na nan, ba mai iya karanta su a gidanmu. Inna kuwa ta tsufa, ido ya tafi, sunayen jikoki ma ɓace mata suke. Barmu, Allah ya ji ƙanka, na gode. Jiya bayan la'asar na kunna mata kaset ɗinka, ta bi kiɗan da baki tana murmushi har ya ƙare, ba wanda ya riƙe ta.