Wuƙar da Illiyasu Ya Kaifafa

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, Illiyasu mahauci, mutumin Maraɗi. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, yau ma na rubuta ne saboda waɗanda ba su san shi ba. Waɗanda suka san shi a nan Greensboro ta Amurka, da yawansu abu ɗaya suke tunawa da shi: mutumin nan da aka kama a kan maganar wuƙa. Ina wurin aka yi abin, don haka nake so in faɗe shi yadda yake.

Ni tela ce. A wancan lokaci na samu aikin ɗinki a sashen wasan kwaikwayo na wata jami'a. Shugabar sashen tsohuwar Baturiya ce, Farfesa muke ce mata. Ta ɗauki shekara guda daga tarihin birnin Landan, wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce, ta ce duk abin da ɗalibanta za su karanta ko su nuna, daga wannan shekarar zai fito. Kuma yadda mutanen da suka yi, haka za a yi. Da rana za a yi wasa a fili, babu fitila. Maza ne za su sa rigunan mata. 'Yan kallo a tsaye, suna ci suna surutu.

Ban iya karanta littattafan ba, Turancinsu ko 'ya'yan Turawan da ƙyar suke gane shi. Ta tufafi na san wasannin. Wannan riga a bar mata tsaga a ƙirji, wancan wando a yi guda biyu domin ɗaya zai ɓaci da jini. A wasa ɗaya na lura kusan duk wanda na ɗinka wa riga sai an kashe shi kafin a tashi: wa ya kashe ƙani, ɗa ya rama wa uba, mace ta sha guba, a yanke harshen wani. Idan Farfesa ta zo ɗakin ɗinki shan shayi sai ta riƙa ba ni labarin shekarar. Ta ce gidan wasan yana maƙwabtaka da filin da ake ɗaure wata ƙatuwar dabbar daji mai suna beyar, a sako mata karnuka, mutane su biya su kalla. Mai zuwa kallo ta kan gada yake bi, a ƙofar gadar kuwa akwai kawunan mutane a tsire. Manyan coci sukan sa a tara littattafan da ba su so a cinna musu wuta. Ɗan wasan da ba shi da ubangida, bulala ake yi masa a kore shi daga gari. Idan annoba ta shigo, a rufe gidajen wasa, kowa ya kama gabansa.

Da yamma nake kwashe wannan in kai wa maigida, shi kuma ya yi ta dariya. "Rakiya, waɗannan ne jikokinsu suka zo suna koya mana wayewa?" Maganar beyar ce kawai ba ta ba shi dariya ba. Ya ce su ma mahauta suna da hawan ƙaho, amma a can mutum ne ke sa ransa a gaban bijimi, ba a ɗaure dabba a tara mata karnuka ba.

Duk wanda ya zauna da shi ya san halinsa a kan wuƙa. A gidansu an gaji fawa, kuma ubansa ya raine shi a kan cewa dakusasshiyar wuƙa zalunci ce ga dabba, abin kunya ce ga mai gida. Kullum da dutsen washi a aljihunsa. Idan muka je suna ko walima, sai a neme shi a rasa, can a same shi a bayan kicin yana gyara wa matar gida wuƙaƙenta. Ba ya tambaya, ba ya faɗa. A ganinsa alherin da aka yi shelarsa ya rage daraja. Matan unguwarmu sukan ce idan ka yanke yatsa kana yanka albasa, to Illiya ya zo gidan.

Farfesa ta karanta cewa mutanen da sukan cika mafitsarar tunkiya da jini, ɗan wasa ya ɓoye ta a ƙarƙashin riga, idan an soke shi ta fashe. Ta tambaye ni ko mijina zai samo mata. Ya kawo mafitsarar daga gonar da yake yanka a Summerfield, ya wanke ya busar. Jini ne ya ce ba zai kawo ba, najasa ce, wurinta ƙasa. Sai aka haɗa ruwan sukari da jan kala. Wata rana ya zo ɗaukata ya tarar ana gwaji, ya tsaya yana kallo. Wani ɗalibi baƙar fata mai suna Darnell shi ne mai suka, wani Bature mai suna Kevin shi ake sokewa. Wuƙar ta ƙarfe ce amma ba kaifi, bakinta a dunƙule, da gangan aka yi ta haka. Darnell ya soka, mafitsara ta ƙi fashewa. Ya sake, ta ƙi. Ɗalibai suna ta dariya, Farfesa ta dafe kai. Daga baya suka shirya cewa Kevin zai matse ta da hannunsa, amma lokacin maigida ya riga ya fita. Abin da ya gani shi ne tsohuwar da ta riƙe matarsa da mutunci tana shan wahala saboda wuƙa marar kaifi.

Ranar wasan Asabar ce, rana tsaka, fili ya cika. Ina bayan labule da allura a hannu saboda ko wani abu zai yage. Darnell ya ɗaga hannu ya soka da ƙarfinsa, yadda ya saba, tunda ya san ƙarfen ba ya shiga. Wannan karon ya shiga, ta tsakanin haƙarƙari. Kevin bai yi ihun da aka koya masa ba. Wani ɗan sauti ya yi kamar mai shaƙuwa, ya durƙusa, ya kama rigar Darnell. Mutane suka yi ta tafi. Ni matar mahauci ce, na san warin jini, kuma ruwan sukari ba ya kumfa a bakin mutum. Na fito da gudu na danna masa wani ƙyalle a ƙirji, jinin yana bin hannuna da ɗumi, 'yan gaba suna dariya sun ɗauka fitowata ma cikin wasan take. Sai da Darnell ya ga hannunsa ya fara kururuwa sannan filin ya yi tsit.

'Yan sanda suka zo. Wani ya gaya musu cewa a makon da ya wuce yaran biyu sun yi cacar baki har da ture-ture a kan wanda zai fito a babban matsayi. Ba su nemi ƙarin bayani ba. A gabana suka kifa Darnell a ƙasa, ɗaya ya sa masa gwiwa a baya, leɓensa ya fashe a kan siminti, suka sa masa ankwa yana sanye da rigar da na ɗinka masa. Yana ta cewa bai sani ba. Aka tuhume shi da yunƙurin kisa.

Maigida yana gona ranar, bai san komai ba. Da ya dawo na ba shi labari yana wanke hannu. Ya tsaya, ruwa na zuba. Ya ce, "Wace wuƙa?" Na ce mai jan mariƙi. Ya zauna a ƙasan kicin, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya ce ranar Juma'a da ya zo ɗaukata ina ƙarasa ɗinki, ya ga akwatin kayan wasa a buɗe, ya ɗauko ta ya wasa.

Ba wanda ya gan shi. Ba wanda zai taɓa zarginsa. Takarduna na zama a ƙasar sun riga sun fito, nasa kuwa suna hannun lauya, bizarsa ta daɗe da ƙarewa. Kuma ba a daɗe da harin da aka kai a New York ba, kowane Musulmi a nan yana tafiya ne a hankali. Ya je wurin Alhaji Mamman, dattijon da muke kai wa shawara, ni ma na bi shi. Alhaji ya saurara har ƙarshe ya ce, "Illiya, kana da hankali kuwa? Musulmi, mahauci, wuƙa, jami'a. Je ka jera wa ɗan sanda waɗannan ka ga abin da zai rubuta. Yaron ɗan ƙasa ne, yana da uwa, za a ba shi lauya. Kai wa gare ka?"

Maigida ya ce, "Baba, hannunsa ne ya soka, amma kaifin nawa ne."

"To 'ya'yanka fa? Su ma naka ne."

Ni ma abin da na gaya masa ke nan a mota, kuma har yau ban ga inda na yi ƙarya ba. Yara biyu gare mu a lokacin, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Sai wata safiya ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki dutsen washin ya sa a aljihu domin ya nuna wa 'yan sanda, ya ce in kula da yara. Da ƙafarsa ya shiga ofishinsu.

Abin da Alhaji ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Suka zo gidanmu da bindigogi a zare, suka karya ƙofar da ba a kulle take ba, suka kwashe duk wuƙaƙen sana'arsa suka jera a kan ciyawa suna ɗaukar hoto, maƙwabta na kallo. An daɗe ana yi masa tambayoyi a kan masallaci da mutanen da bai taɓa ji ba. A ƙarshe alƙali ya yarda ba da niyya ya yi ba, amma ya ɗaure shi saboda ganganci. Aka saki Darnell. Kevin ya rayu, amma an cire masa wani sashe na huhu, bai sake hawa dandamali ba. A ƙofar kotu uban Kevin ya tofa wa maigida yawu a fuska, maigida bai goge ba har aka shigar da shi mota. Ya yi watanninsa a kurkuku, daga nan aka miƙa shi ga jami'an shige da fice, suka sa shi a jirgi.

Ya ce in zauna saboda lakwal, wato makarantar yara, zai nemi hanyar dawowa. A Maraɗi 'yan'uwansa suka ba shi wurinsa na da a abatuwar, mayankar garin, ya ce shi da wuƙa har abada. Mutumin da ake kira daga gari zuwa gari saboda iya yanka, sai ya koma riƙon igiya, aikin da ya bari tun yana saurayi, alhali ƙarfinsa ba na da ba ne. Wata safiya wani bijimi ya fizge, igiya ta naɗe masa ƙafa, ya faɗi, bijimin ya juyo ya sa masa ƙaho a ciki ya ɗaga shi. Kafin a kai shi likita ya cika. A waya aka gaya mini. A nan na yi takaba, ban ga gawarsa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonar Summerfield an sayar an gina gidaje. Nama yanzu a leda muke saye, ba mu san hannun da ya yanka ba, na san wannan ba zai yi masa daɗi ba. Farfesa ta ajiye aiki tun a shekarar, na ji an ce yanzu wuƙaƙen roba suke amfani da su. Babbar 'yarmu an fara ba su irin waɗancan wasannin a makaranta. Kwanaki ta zo tana tambayata da Turanci me ya sa a cikinsu duk wanda aka yi wa laifi sai ya kashe, ba mai fitowa ya ce ni ne. Na ce ban sani ba, ban yi karatun ba. Da ubanta na nan da ya ba ta amsa mai ban dariya, ni ban iya ba.

Ba zan ce na gama auna abin da ya yi ba. Akwai mutumin da har gobe ba ya hawa bene sai ya tsaya ya huta, saboda maigidana. Akwai yara biyu da suka tashi ba uba, shi ma saboda maigidana. Wasu ranakun ina jin haushinsa, in yi masa addu'a da haushin a raina. Allah Ya gafarta masa, Ya sa abin da ya ɗauka ya zama kaffara.

A watan jiya na je kantin sayen yadi a East Greensboro, ina fitowa da kaya niƙi-niƙi wani mutum ya riƙe mini ƙofa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma na ga tabon a leɓensa. Darnell ne. Bai gane ni ba. Wata 'yar ƙaramar yarinya tana zaune a wuyansa, ta riƙe kunnuwansa biyu tana ba shi umarni ya juya, shi kuma yana bi. Na yi masa godiya, ya ce ba komai, Mama. Na tsaya a bakin motata ina kallonsu har suka tsallaka titi. Yarinyar nan ba za ta taɓa jin sunan Illiyasu ba, kuma ba ta da buƙata. Tana da uban da zai kai ta gida.